Duwatsun Auta

Ɗalibanmu, musamman ku 'yan aji shida masu shirin fita, yawancinku kun ji tatsuniyar Auta da Dodo a bakin kakanni, a tsakar gida da farin wata. Tsohuwar tatsuniya ce ƙwarai, har wani Bature mai suna Tremearne ya sa ta cikin littafinsa a shekarar 1913. Mu malamanku muna so mu sake dubanta tare da ku, gama a ganinmu akwai abin koyi a cikinta.

Ga yadda aka ba mu ita. Akwai wani gari da Dodo yakan shiga kowane dare. Da magariba ta yi, kowa sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Dodo ya yi ta zaga gari yana ruri, yana tambaya ko akwai wanda ya kai shi. Ga sarki, ga dakaru, ga maharba, amma ba mai ko tari. Ana nan sai Auta ya sauka a garin tare da yayarsa. Da ya ji halin da ake ciki, sai ya tara itace ya hura wuta, ya zuba duwatsu a ciki har suka yi jawur. Dodo ya zo ya yi kirarinsa, Auta ya amsa masa. Dodo ya fusata ya wage baki, Auta kuwa ya riƙa jefa masa duwatsun nan cikin maƙogwaro har ya faɗi matacce. Ya yanke wutsiyarsa ya ajiye, da ita aka gane wanda ya yi aikin.

Abu na farko da muka lura shi ne, rabin ƙarfin Dodo shirun mutanen gari ne. Kowane dare da suka yi shiru, girman kansa ƙaruwa yake yi. Mu ma muna da irin wannan Dodo a nan. Babban ɗalibi yakan ƙwace abincin ɗan aji ɗaya a ɗakin kwana, yara da yawa suna kallo, amma ba mai faɗa wa malami. Muna gaya muku, wanda ya kai ƙara ba matsoraci ba ne. Shi ne ya amsa wa Dodo.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Auta bai buɗe baki ba sai da duwatsunsa suka yi zafi. Da ya amsa hannu rabbana, da Dodo ya yi kalaci da shi. Da yawanku kun mai da lissafi ko Turanci Dodonku, kuna gudunsu shekara uku, sa'an nan ku kwana kuna karatu ana gobe jarrabawar WAEC. Ba a fafe gora ranar tafiya. Awa ɗaya kowace yamma, da tambayar malami abin da ba ku gane ba, su ne itacenku da duwatsunku.

Abu na uku, wutsiyar. Auta yana da shaidar aikin hannunsa. Wanda ya sami takardar shaida ta hanyar satar amsa, wutsiyar aro ya riƙe. Ranar da aka ba shi aji ya koyar, ko aka ba shi majinyaci ya duba, asirinsa zai tonu, kuma wasu ne za su sha wahalarsa.

Wani zai ce, ai Malam, wannan tatsuniya ce, Dodon gaske ba ya mutuwa a dare ɗaya. Mun yarda. Maraicin da ya sami wasunku, da rashin kuɗin makaranta, ba jifa ɗaya ke kashe su ba. Auta kansa ma ba abin koyi ba ne a kome, gama kun san irin ɓarnar da ya yi kafin ya iso garin. Don haka sai mu buɗe Littafi Mai Tsarki, 1 Sama'ila sura 17. Goliyat ya yi kwana 40 yana cika baki safe da yamma, Isra'ilawa suna rawar jiki. Dawuda, autan 'ya'yan Yesse 8, ya zaɓi duwatsu 5 daga rafi. Ya saba da majajjawa tun a wurin kiwo, inda ya taɓa kashe zaki. Amma bai dogara ga gwanintarsa ba, cikin sunan Ubangiji ya fita. Ya yi shiri, ya kuma ba da gaskiya, bai bar ɗaya domin ɗaya ba.

Iyaye da dattawan ikkilisiya, ku taimake mu. In yaro ya zo da kuka, kada ku ce masa ya yi shiru kawai. Ku kuma ɗalibai, kowa ya san sunan Dodonsa. Ku yi addu'a, ku fara tara itace tun yau. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku. Amin.