A Fassara Mana Finafinan Larabawa

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga masu fassara finafinai a Kano. Indiya ta ishe mu haka nan, ku waiwayi na Larabawa.

Wani ɗalibi ya kunna mini Capernaum a waya, fim ɗin Labanon na 2018, yana fassara mini. Yaro ne, Zain, ɗan shekara 12, ya kai iyayensa kotu don sun haife shi sun kasa riƙonsa. Ƙanwarsa 'yar shekara 11 aka aurar, cikin fari ya kashe ta. Wallahi daren nan tuwo bai ciwu ba, don irin su Zain muna ganinsu a kasuwar Shinkafi, suna bin rumfuna da roba.

Ku sa shi da Hausa, mu iyaye maza mu kalla a majalisa.

Wani manomi,
Moriki, Ƙaramar Hukumar Zurmi.