Sabon Babur ɗin Ƙanƙara: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Kowace shekara ana ɓata watanni wajen hasashen ƙarfin injin da zai fito, alhali mutanen da abincinsu ya rataya a kan wannan abin hawa ba a tambayarsu komai.

Da zarar hunturu ya kankama a Kanada da arewacin Amurka, wata kasuwar surutu takan buɗe. Mujallun da ke bibiyar babur ɗin ƙanƙara da masu sharhi a kansa sukan zama tamkar 'yan duba. Wane samfur Ski-Doo zai fitar a watan Fabrairu? Shin Polaris zai ƙara wa injinsa girma? Kilo nawa za a rage daga nauyin gangar jiki, kuma allon da ke gaban matuƙi zai ƙara faɗi? Wani ya tono takardar mallakar fasaha da kamfani ya shigar, ya bi ta da kibau yana fassara. Wani ya samo hoto mai dishi-dishi na babur ɗin da aka lulluɓe ana gwajinsa a kan dutse, ya kwana yana sharhi a kan inuwarsa. Haka za a yi ta yi har ranar da za a yaye ƙyalle.

Matsayina a kan wannan a fili yake. Hasashen nan, yadda ake yinsa a yau, talla ce da kamfanoni ke samu a ɓagas, kuma ya karkatar da hankalin masu ƙira daga mutanen da aka ƙirƙiro injin dominsu tun farko.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, abin hawa ne da ake zama a kansa kamar babur, ana kuma juya shi da hannu biyu kamar babur. A gaba, maimakon taya, yana da dogayen faifai biyu masu lanƙwasasshen baki da ke zamewa a kan dusar ƙanƙara. A baya kuma akwai faffaɗan bel na roba mai haƙora, yana juyawa irin na katafila, shi ne ke tura shi gaba.

Ruwa ba ya tsami banza

Kamfanonin kan bayyana samfuran baɗi tsakanin Fabrairu da Maris, tun hunturun bana bai ƙare ba, sannan su buɗe ɗan taƙaitaccen lokaci na karɓar oda. Polaris na kiran nasa tsarin SnowCheck. Mai saye zai ajiye kafin alƙalami, ya zaɓi launi da inji da tsawon bel, ya koma gida ya jira watanni. Wasu daga cikin samfuran da aka fi kwaɗayi a wannan lokacin kaɗai ake sayar da su. Ribar kamfani a nan ba ɓoyayyiya ba ce: ya san adadin da zai ƙera, kuma kuɗi sun fara shiga aljihunsa kafin a ɗaura ƙusa ta farko.

To amma yaya za a yi mutum ya ajiye kuɗi a kan babur ɗin da farashinsa kan haura dala 20,000, wanda galibi bai taɓa hawa ba, alhali yana da na shekara biyu a gareji lafiya lau? Dole sai an sa ya ji cewa nasa ya tsufa. Aikin da hasashe ke yi ke nan. Wata uku ana raɗa masa cewa wani abu na tafe wanda zai mayar da nasa kayan tarihi, ta yadda ranar da aka yaye ƙyalle zuciyarsa ta riga ta saya, hannu kawai ake jira. Mai sharhi yana ganin kansa mai tona asirin kamfani, alhali ma'aikacin sashen talla ne da ba a biya.

Abin da 'yan duba ba su hango ba

Labarin Arctic Cat ya isa darasi. Kamfanin, wanda ke garin Thief River Falls a jihar Minnesota, ya koma hannun Textron a 2017. Bayan doguwar jira ya fito da sabuwar ƙira mai suna Catalyst a samfuran 2024, da injin aji 600. Nan take hasashe ya koma kan babban injin da zai biyo baya. Injin ya zo, mai lamba 858, a samfuran 2025, aka kuwa yabe shi. Sai ga shi a watan Disamba na 2024 Textron ya sanar da cewa zai dakatar da ƙira a masana'antar. Ma'aikata suka shiga zullumi a garin da wannan masana'anta ke cikin manyan masu ba da aiki, har sai da wasu masu zuba jari ƙarƙashin Brad Darling, tsohon jami'in kamfanin, suka saye shi a 2025. An daɗe ana lissafin faɗin silinda, ba a duba ko ƙofar masana'antar za ta kai baɗi a buɗe ba.

Kafin wannan, a watan Yuni na 2023, Yamaha, wanda ya fara ƙera babur ɗin ƙanƙara tun 1968, ya ce zai fice daga harkar gaba ɗaya, samfuran 2025 su ne na ƙarshe. Kamfanin Taiga na Montreal, wanda aka yi ta kambamawa a matsayin makomar babur mai aiki da lantarki, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2024. A 1971 an sayar da irin wannan babur kusan rabin miliyan a duniya, kamfanoni fiye da 100 na gogayya. A shekarun nan cinikin shekara ba ya kai 150,000, kuma manyan masu ƙira ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa aunawa a Kanada da kuma babban yankin Amurka. A Minnesota da Wisconsin hanyoyin hawa da dama sun kusan ƙare hunturun babu ƙanƙarar kirki, babura suka taru a shagunan dillalai, BRP mai Ski-Doo da Polaris suka rage yawan ƙira. Masana'antar da ke sayar da abin hawan ƙanƙara a duniyar da ƙanƙara ke ja da baya tana da babbar tambaya a gabanta, kuma faɗin allo ba ya cikin amsarta.

Waɗanda aka manta

Joseph-Armand Bombardier, makanikin ƙauyen Valcourt a lardin Quebec, ya rasa ɗansa ƙarami a hunturun 1934 saboda ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. A 1937 ya fitar da motar ƙanƙara mai ɗaukar mutum bakwai, B7, wadda likitoci da masu aikin hidima a karkara suka runguma. Ƙaramin babur ɗin Ski-Doo ya biyo baya a 1959. Tushen abin ke nan: isar da mutum inda hanya ta yanke.

Wannan buƙata tana nan har gobe. A yankin Nunavut na arewacin Kanada akwai garuruwa 25, babu titin mota da ya haɗa ɗaya da wani. Kaya kan zo ta jirgin ruwa a 'yan watannin da teku ta narke, ko ta jirgin sama a kan tsada mai tsanani, kuma yankin ne ya fi ko'ina a Kanada fama da ƙarancin abinci a gidaje. Mafaraucin Inuit da ya fita kan daskararriyar teku yana jan keken katako da suke kira ƙamutik, naman da zai dawo da shi gidaje da yawa ne za su ci. Idan injinsa ya mutu a nisan kilomita 100 daga gari, cikin sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, magana ta koma ta rai da mutuwa.

A duba abin da ƙirar zamani ke yi wa wannan mutum. Manyan injunan yau da ruwa ake sanyaya su, kuma ruwan na samun sanyi ne daga dusar ƙanƙarar da bel ke watsawa a kan wasu farantan ƙarfe da ke ƙarƙashin kujera. A kan dusa mai laushi wannan dabara ba ta da aibu. Amma a kan ƙanƙarar da iska ta daddaɓe ta yi tauri kamar daɓe, wadda ita ce ta cika arewa mai nisa, babu abin da bel zai watsa, sai inji ya ɗau zafi. Shi ya sa mafarauta da dama suka daɗe suna fifita injin da fanka ke sanyayawa. Ski-Doo ya daina saka irin wannan inji a farkon shekarun 2020. Tsofaffin samfura irin su Elan na Ski-Doo da Bravo na Yamaha, waɗanda mutum ɗaya ke iya ciccibo su daga rami, ya kuma gyara su da sifana da fulogi a tsakiyar daji, an daina ƙera su tuntuni. A maimakonsu an sami injunan da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda wasu matsalolinsu sai manhajar da ke hannun dillali ke iya ganowa. Dillalin kuwa yana iya kasancewa tafiyar jirgin sama daga garin mafaraucin.

Makiyayan Sami na arewacin Finlan da Norwe da Suwidin sun san wannan tun da daɗewa. Masanin halayyar al'umma Pertti Pelto ya bi diddigin shigar babur ɗin cikin Samin Skolt na Finlan a shekarun 1960, ya wallafa sakamakon a 1973. Ya nuna yadda kiwon barewar arewa, wanda a da ƙarfin jiki da sanin daji ke riƙe da shi, ya koma hannun mai kuɗin sayen inji da fetur da kayan gyara, har iyalai da dama suka fice daga kiwon. Ma'ana, duk dalar da aka ƙara a farashi saboda ƙyale-ƙyale tana iya zama dalilin da wani gida zai bar sana'ar kakanninsa.

Hujjar masu kare al'adar

Za a ce hasashe nishaɗi ne, bai kashe kowa ba, kuma kuɗin masu hawa don shaƙatawa ne ke ɗaukar nauyin binciken da kowa ke amfana da shi. Akwai gaskiya a ciki. Ƙirar REV da Ski-Doo ya fitar a 2003, wadda ta matso da matuƙi gaba, ta rage wahalar da baya ke sha a kan gargada. Fasahar E-TEC mai fesa mai kai tsaye cikin silinda ta rage shan fetur da hayaƙi, kuma ragin fetur alheri ne babba ga mai tafiya mai nisa. Dokokin hayaƙi ma sun taka rawa wajen kawar da tsofaffin injuna. Za a kuma nuna cewa samfuran aiki irin su Skandic da Tundra suna nan a kasuwa.

Suna nan, amma ina hankalin injiniyoyi yake? A 2020 Ski-Doo ya fitar da inji mai bugu biyu ɗauke da turbo, domin ya riƙe ƙarfin doki 165 a saman duwatsu inda iska ta yi ƙaranci. Polaris ya mayar da martani da nasa. Gasar ke nan da ake zuba basira a cikinta, don mutum ya haura gangaren dutse ranar hutu. Kamfanin da ya iya wannan ba zai gaza ƙera inji mai tsafta, mara nauyi, wanda ba ya zafi a kan tauraren ƙanƙara kuma mai shi ke iya gyarawa ba, in da ya ga cewa a nan yabo yake. Yabo kuwa masu sharhi ne ke raba shi, kuma sun riga sun nuna inda suke kai shi. Polaris har yanzu yana sayar da injin 550 mai fanka, alamar cewa masu nemansa ba su ƙare ba, amma da wuya ka ga an ɓata tawada a kan makomarsa.

Haka batun lantarki. Samfurin lantarki na farko da Ski-Doo ya fitar a 2024 yana cin kimanin kilomita 50 kafin a sake caji, kuma masu yawon buɗe ido aka nufa da shi. Wannan ya dace da wurin shaƙatawa. Ga mafaraucin Nunavut, inda sanyi ke cinye ƙarfin batir kuma wutar garin kanta daga injin dizal take fitowa, zancen bai ma taso ba tukuna.

Hasashen da ya cancanci a yi

Ban ce a daina ɗokin sabon abu ba. Cewa nake yi a sauya tambayoyin. Idan kamfani ya yaye ƙyalle a Fabrairu mai zuwa, a tambaye shi ko babur ɗin zai tashi da igiya, kamar janareta, ranar da batir ya daskare. A tambaye shi awa nawa zai yi yana jan kaya a kan tauraren ƙanƙara kafin ya ɗau zafi, ko mutum ɗaya zai iya fitar da shi idan ya nutse, da kuma wace matsala ce mai shi zai iya ganowa ba tare da kwamfutar dillali ba. A tambaye shi shekara nawa ya yi alkawarin samar da kayan gyara, domin masu Yamaha yanzu wannan ce damuwarsu. A kai samfurin gwaji Iqaluit ko Inari, a miƙa shi ga wanda ke hawa don ciyar da iyali, a buga abin da ya ce.

Masu ƙira suna karanta abin da ake rubutawa a kansu, suna kuma auna abin da jama'a ke ɗoki. Muddin ƙarfin doki da faɗin allo ne kawai ke jawo tafi, su za a ci gaba da ƙerawa, ga kasuwar da ke ƙanƙancewa kowace shekara. Mutanen da za su ci gaba da sayen wannan babur ko da hunturun kudu ya gajarce su ne na arewa mai nisa, waɗanda ba su da wata hanya. Kamfanin da ya fara ƙera musu abin da suke buƙata shi ne zai fi daɗewa a kasuwa, kuma mai sharhin da ya fara tambaya a madadinsu shi ne ya yi aikin jarida.