Na'urar tatsar nono ba ta zuwa da firiji

A 'yan shekarun nan wani sabon kaya ya shiga cikin kayan barka na gidajen ma'aikata a Kano. Bayan atamfa da sabulu da rigunan jariri, sai ga na'urar tatsar nono mai aiki da lantarki, Medela ko Philips Avent, wadda miji ya saya da tsada ko wata 'yar'uwa ta aiko daga Ingila. Ranar suna a yi ta juya kwalinta, kowa na ganin an raba mai jego da damuwar komawa aiki. Wannan zato kuskure ne, kuma jariri ne ke ɗaukar nauyinsa.

A ɗauki malamar makaranta da ke zaune a Bachirawa ko Rijiyar Zaki, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, wadda hutunta na haihuwa ya ƙare jaririnta na wata uku. Tatsa ba ita ce babbar matsalarta ba, ajiya ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce nonon da aka tatsa yana iya yin awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, ko kwana 4 a firiji. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, firiji kuma a gidan da wuta ke zuwa ta ɗauke ba shi da maraba da kabad. Kula mai rufi da ƙanƙarar da ake sayarwa a unguwa, wadda za ta iya riƙe nono har awa 24, ta fi na'urar amfani nesa ba kusa ba, amma ba wanda ke kai ta barka don ba ta da kwarjini.

Sai batun wanki. Duk ɓangaren da nono ya taɓa sai an wanke shi da sabulu bayan kowace tatsa, a gidan da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Yawan sassan na'ura shi ne yawan maɓoyar ƙwayoyin cuta. Haka ma fida, wadda bakinta ke da wuyar tsabtacewa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suka fi son a ba jariri da ƙaramin kofi.

In dai za a zaɓa, to hannun uwa ne na farko. Tatsa da hannu ba ta neman caji, kuma koyar da ita na cikin abin da shirin asibitoci masu kula da shayarwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fara a 1991, ya ɗora wa ungozomomi. Mai son ƙari ta nemi famfon hannu, ta tabbata mazurarinsa daidai yake da kan nononta, domin wanda ya yi kaɗan ko ya yi yawa ciwo yake jawowa, nonon kuma ya ƙi zuba. Ta gwanjo kuwa a bar ta inda aka gan ta: yawancin waɗannan na'urori don mace ɗaya aka ƙera su.

Amma hayaniyar na'ura tana rufe wani zance da ya fi ta nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuwa ya nuna kashi 29 cikin 100 na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ne kawai ke samun haka. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mako 12, sannan rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ko wannan ɗan rabo ma, ma'anar "ma'aikaci" a dokar ta fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru, wato irin matan da ake saya wa na'urar. Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta wata 6 tun 2019, don haka ba abin da ya gagara ba ne. Mai makaranta ko shugaban ofis da ya bar mai shayarwa tana laɓewa a banɗaki don ta tatsa ba shi da bakin tambayar dalilin da ya sa take yawan neman izinin kai yaro asibiti.

A gida kuma akwai kaka, wadda da zarar uwa ta fita za ta ga zafin rana ta ɗura wa jikanta ruwa, da kyakkyawar niyya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, yana kashe ƙishin jariri ko a tsakiyar bazara. Mijin da ya iya biyan kuɗin na'ura shi ne ya fi kowa dacewa ya zauna gaban mahaifiyarsa, cikin ladabi, ya yi mata wannan bayani tun kafin matarsa ta koma aiki.