Wutar da Ake Kwana da Ita: Jan Hankali Kan Batirin Lithiyam a Gabashin Sakkwato

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san wuta, ya kuma san ladubban zama da ita. Uwargida ba ta kwanciya sai ta yayyafa wa murhu ruwa ko ta binne garwashi cikin toka, ba a kai aci-balbal kusa da danni, idan kuma iskar hunturu ta taso sai mai shela ya zaga gari yana gargaɗin a yi hattara. Asara ce ta koya wa magabata waɗannan ladubba. To, yau ga wata sabuwar wuta ta shigo gidajen Wurno da Rabah da Goronyo, watau batirin lithiyam da ke cikin wayar hannu da tocila da fawabank da kayan sola. Ana sa ta a aljihu, ana miƙa wa yara, ana kwana da ita ƙarƙashin matashin kai, alhali har yanzu ba a tsara mata nata ladubban ba.

Kamfanin Sony na ƙasar Japan shi ya fara fito da irin wannan batir kasuwa a shekarar 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka share fagen ƙirƙiro shi lambar yabo ta Nobel. Falalarsa ita ce yana tara ƙarfi mai yawa a ɗan ƙaramin jiki, haɗarinsa ma daga nan ya taso. A cikinsa akwai sassa biyu waɗanda bai kamata su taɓa juna ba, tsakaninsu da wani shamaki wanda bai kai kaurin gashin kai ba, dukansu kuwa jiƙe suke da wani ruwan sinadari mai saurin kama wuta. Idan shamakin nan ya huje, ko saboda faɗuwa, ko matsewa, ko tsananin zafi, ko cajin da ya wuce kima, ko kuskuren masana'anta, sai sassan su haɗu, zafi ya dinga haifar da zafi, kafin a ankara batir ya kumbura ya yi bindiga. Wutarsa ba ta mutuwa da sauƙi don an lulluɓe ta, hayaƙinta guba ne, takan kuma sake tashi bayan an ɗauka ta mutu.

Duniya ta riga ta ɗanɗana kuɗarta. A shekarar 2010 wani jirgin saman dakon kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi cikin kayansa masu ɗauke da batura masu yawa, matuƙansa biyu suka rasu. A 2016 kamfanin Samsung ya janye miliyoyin wayarsa samfurin Galaxy Note 7 daga kasuwa, ya daina ƙera ta baki ɗaya, domin tana kama wuta a hannun jama'a. A birnin New York na Amurka mutum 18 suka halaka a gobarar irin wannan batir cikin shekarar 2023, akasari daga baturan kekuna da babura masu lantarki. A 2024 kuma gobara a wata masana'antar batir a Koriya ta Kudu ta ci rayuka 23. Idan haka ta faru ga masu ɗakunan bincike da motocin kashe gobara a kowace unguwa, ina ga ƙauyen da kafin motar ta iso sai dai ta tarar da toka? Hausawa dai sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abubuwa uku ne suka sa wannan yanki ya fi cancantar a ja masa kunne. Na farko shi ne zafi. Masu ƙera batir suna gargaɗin kada a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45, ga shi kuwa a bazarar ƙasar Sakkwato zafin inuwa ma yakan wuce digiri 40, balle cikin shagon kwano da tsakar rana. Manomin da ke ban-ruwan albasa ko shinkafa a fadamar Rima, ya jona wayarsa ga ɗan faifan sola ya bar su duka a rana, ya haɗa mata zafi biyu ke nan bai sani ba. Na biyu shi ne irin muhallin: danni da zana da jinka da katifar soso da gidan sauro, ga rumbu a tsakar gida ɗauke da abincin shekara. Abin ya fi tsanani ga waɗanda ɓarnar 'yan bindiga ta raba da garuruwansu, irin waɗanda suka taru a Gandi tun daga 2018, domin cunkoson ɗaki ba ya barin hanyar gudu. Na uku kuwa shi ne ƙarancin wutar lantarki, wanda ya haifar da sana'ar caji. Duk wanda ya leƙa rumfar mai caji ranar kasuwa zai ga wayoyi jibge a kan allo guda, igiyoyi sun sarƙe da juna, wani lokaci ga janareto da jarkar fetur a gefe. Daɗin daɗawa, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 jama'a suka ƙara karkata ga sola, kasuwa kuma ta cika da baturan gwanjo da waɗanda aka harhaɗa daga tsofaffin kwamfutoci, wasunsu ba su da na'urar da ke yanke caji idan batir ya cika.

Wani zai ce ai talauci ne ke sa mutum sayen caja mai araha, kuma fitilar sola ta fi ta kananzir aminci nesa ba kusa ba. Wannan magana gaskiya ce. Mafi yawan batura suna tsufa su mutu ba tare da sun cuci kowa ba, kuma babu mai hankalin da zai ce a yar da waya a yankin da kira guda cikin dare yakan ceci gari. Sai dai araha ba ta ado, ribar 'yan nairori a kan caja ba ta kai darajar rumbu ba. Bugu da ƙari, yawancin abin da ake bukata ba ya cin ko kwabo.

Ga kaɗan daga ciki. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, a ɗora waya a kan daɓe ko kan kasko, nesa da zana da ƙofar fita. Kada a bar ta a rana ko cikin mota rufe. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kada a ɗaure shi da roba a ci gaba da amfani da shi, kada a huda shi, kada a ba yaro ya yi wasa, kada kuma a jefa shi juji inda ake cinna wa shara wuta. Idan aka ji waya ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko tana wari, ko tana huci, a cire ta daga wuta a fitar da ita fili. Idan ta riga ta kama, a yanke lantarki tukuna, sannan a kwarara mata ruwa mai yawa daga nesa domin ta huce, a kuma guji shaƙar hayaƙin. Amma idan babban batirin sola ne ya kama, fitar da mutane shi ne kan gaba. Mai caji kuma ya raba fetur da rumfarsa, ya tanadi bokitin yashi, ya ƙi karɓar kumburarren batir ko da na amininsa ne.

Hukuma ma tana da nata nauyin. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ita ke da alhakin tare jabun kaya tun daga bakin shigowa, kuma aikinta bai cika ba muddin ana baje su a kasuwannin ƙauye. Ya kamata ƙananan hukumomin nan uku su haɗa kai da hukumar kashe gobara ta jiha da ƙungiyoyin masu gyaran waya, a horar da masu caji, a kuma ware wurin tara matattun batura. Sannan akwai matsalar harshe, domin yawancin gargaɗin da ke jikin kwalin waya da Turanci ko Sinanci aka rubuta shi. Wajibi ne a mayar da shi Hausa, da boko da ajami, a liƙa a rumfunan caji, a yaɗa ta gidan Rediyon Rima, hakimai da limamai su maimaita. Wanda ya ga yadda gobara ta lashe babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ya san cewa dukiyar shekaru tana iya ƙarewa tsakanin hantsi da azahar.

Gobara daga kogi ita ce aka ce maganinta Allah. Wannan kuwa an san inda take kwana, an san abin da ke tayar da ita, an kuma san yadda ake kauce mata. Abin da ya rage shi ne jama'a su ba batir irin girman da magabata suka ba garwashi, ta yadda maigida ba zai kwanta ba sai ya duba abin da aka bari jone, kamar yadda uwargida ke duba murhunta.