Ayaba da Abokan Tafiyarta: Gyaran Cimar Yau da Kullum a Ƙasar Dutse

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Dutse ya san cewa dabino ne ɗan gida, ayaba kuwa baƙuwa ce. Dabino ya daɗe da kama ƙasa a wannan yanki, har ma Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya, wato NIFOR, ta kafa tasharta ta binciken dabino a Dutse. Ita kuwa ayaba, mafi yawanta daga kudancin ƙasar nan ake ɗauko ta cikin manyan motoci, a sauke a kasuwanni irin su 'Yan Lemo ta Kano, sa'an nan 'yan sari su rarraba ta zuwa Dutse da Shuwarin da Birnin Kudu da Jahun. Wataƙila wannan baƙunta ce ta sa har yau ake ɗaukar ta kayan marmari kawai. Akan saya idan za a je dubiya asibiti, ko an yi baƙo, ko domin buɗa-baki da azumi, amma ba kasafai ake lissafa ta cikin cefanen gida ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata ayaba ta shiga cefanen yau da kullum, musamman domin ƙananan yara, amma bisa sharaɗi guda: kada a bar ta ita kaɗai, a haɗa ta da gyada ko nono ko riɗi ko wake, waɗanda Allah ya hore wa wannan yanki. Maganar ba ta wasa ba ce. Binciken lafiya da yanayin jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 64 cikin ɗari na yaran Jihar Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a ƙasar baki ɗaya adadin kashi 37 ne. Galibin wannan ɓarna tana aukuwa ne daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kuma tana shafar ƙwaƙwalwa kamar yadda take shafar jiki.

Mece ce ayaba?

A wurin masana tsirrai, ayaba ba itaciya ba ce, ƙatuwar ciyawa ce. Abin da ake gani kamar gangar jikinta gindin ganyaye ne da suka nannaɗe juna, ainihin jikin kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Kowane tsiro sau ɗaya yake yin 'ya'ya, daga nan sai ya mutu, 'yan tsiron da suka fito daga gindinsa su gaje shi. Da su ake yin dashe, domin ayabar da ake ci ba ta da iri. Asalinta daga kudu maso gabashin Asiya ne, kuma masu haƙar kayan tarihi sun sami alamun nomanta a wurin da ake kira Kuk, a tsibirin Niyu Gini, tun kimanin shekaru 7,000 da suka wuce. Malaman tafsiri da dama sun fassara wata kalma da ke cikin Suratul Waƙi'a da ma'anar ayaba. A Uganda kuwa, ɗanyar ayaba dafaffiya da ake kira matoke tana matsayin da tuwo yake a ƙasar Hausa.

Ɗanyar ayaba cike take da sitaci. Idan ta fara nuna, sai ta riƙa fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ke ta da sinadaran da ke mayar da sitacin ya zama sukari, naman ya yi taushi, ɓawon ya koma rawaya. Wannan ne dalilin da ya sa nunanniyar ayaba guda, idan aka rufe ta tare da ɗanyu, sai ta ja su su nuna da wuri.

Abin da ke cikinta da abin da babu

A cikin giram 100 na ɓararriyar ayaba, wato kusan matsakaiciya guda, kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Akwai kalori 89, da sitaci da sukari kimanin giram 23, da harza mai sauƙaƙa bayan gida fiye da giram 2 da rabi, da fotasiyam wajen miligiram 360, da bitamin B6 mai yawa, da ɗan bitamin C. Fotasiyam yana taimaka wa aikin zuciya da jijiyoyi, yana kuma rage illar gishiri ga hawan jini. Saboda haka ne a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya riƙa samun aƙalla miligiram 3,510 a yini. Bugu da ƙari, ayaba tana zuwa a rufe cikin ɓawonta, ƙuda da ƙura ba su taɓa namanta, ba ta bukatar wuta ko wuƙa, kuma tsoho marar haƙori da jariri ɗan wata shida duk suna iya cin ta.

To, amma a cikin wannan giram 100 ɗin, furotin mai gina jiki bai wuce giram ɗaya da ɗoriya ba, maiƙo kusan babu, sinadarin ƙarfe da ke yin jini bai kai sulusin miligiram ba, bitamin A kuma kaɗan ne ƙwarai a irin ayabar da aka fi sayarwa. Ke nan zancen da ake yaɗawa cewa ayaba tana ƙara jini ba shi da tushe. Yaron da aka cika wa ciki da ayaba tsura zai ƙoshi, amma ba zai ginu ba. Ko a fotasiyam ɗin ma da ta yi suna a kansa, busasshen dabino ya kusa ninka ta idan aka auna su giram da giram.

Nan ne amfanin gonar Jigawa ke shigowa. Kashi ɗaya cikin huɗu na gyada furotin ne, kusan rabinta kuma mai ne. Riɗi, wanda jihar ke cikin manyan masu nomansa, kusan rabinsa mai ne, yana kuma da sinadarin ƙarfe. Fiye da sulusin waken suya furotin ne. Nono yana ba da furotin da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, zogale da kabewa da mangwaro da manja suna ba da bitamin A. Masu tallar da ke ɗora ƙullin gyada kusa da ayaba a kan faranti sun riga malaman kimiyya gane gaskiyar nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hanyoyi biyar masu sauƙi

Ta farko, kunun yaro. Jariri nonon uwa zalla yake bukata har wata shida, daga nan a fara ba shi abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Matsalar koko tsararo ita ce ruwa ya fi yawa, cikin yaro kuma ƙarami ne, sai ya cika tun bai sami abin da jikinsa ke nema ba. Idan an dama kunun gero da kauri, a zuba babban cokali guda na niƙaƙƙiyar gyada ko garin soyayyen waken suya, a bari ya dahu sosai. Bayan an sauke ya huce, a murje rabin nunanniyar ayaba da cokali mai tsabta a gauraya. Ba a bukatar sukari. Kunun ya kasance yana tsayawa a kan cokali, a kuma ba shi nan take.

Ta biyu, fura da nono. Maimakon a zuba sukari cokali uku ko huɗu, a dama furar da ayaba guda wadda ta nuna sosai. Zaƙin ya isa, furar kuma ta yi santsi. Sharaɗin shi ne nonon ya zama na madarar da aka tafasa, ruwan damu kuma mai tsabta.

Ta uku, guzurin ɗan makaranta. Ayaba guda da ƙullin gyada, ko ƙuli-ƙuli, ko kantun riɗi, sun fi biskit da lemon kwalba nesa ba kusa ba. Kwalbar lemo ta santilita 35 takan ƙunshi sukari wajen ƙaramin cokali tara, ba tare da komai na gina jiki ba. Yaron da ya fita da wofin ciki ba zai fahimci darasi ba, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ta huɗu, wainar ayaba. Ayabar da ɓawonta ya yi baƙi-baƙi ba ruɓaɓɓiya ba ce, matuƙar namanta bai yi tsami ko fumfuna ba. A murje guda biyu, a fasa ƙwai ɗaya, a zuba garin alkama ko na gero rabin kofi, a kwaɓa da ɗan nono, a toya a tanda da mai kaɗan. Ji-ta-ji-tar da aka taɓa yaɗawa ta wayoyin hannu cewa haɗa ƙwai da ayaba guba ne ƙarya ce tsagwaronta.

Ta biyar, faten ɗanyar ayaba ko agada. A dafa wake ya yi laushi, a yayyanka ɗanyar ayaba ko agada a zuba, a sa albasa da daddawa da ɗan manja, a ƙarshe a watsa zogale ko alayyafo. Wani kaso na sitacin ɗanyar ayaba ba ya narkewa a ƙaramin hanji, sai ya wuce babban hanji inda ƙwayoyin halitta masu amfani ke cin sa, don haka ba ta ɗaga sukarin jini da sauri kamar nunanniya.

Inda ya kamata a yi hattara

Mai ciwon ƙoda kada ya yawaita ayaba ko dabino sai da iznin likita, domin ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da rarar fotasiyam, kuma taruwarsa cikin jini na iya tsayar da zuciya. Wannan gargaɗi yana da nauyi a jihar da aka sha kokawa da yawaitar ciwon ƙoda, musamman a yankin Haɗeja. Mai ciwon sukari ya taƙaita ga ƙarama guda, wadda ba ta nuna sosai ba, ya kuma ci da gyada. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyada don gudun shaƙewa, kada a ba wanda bai kai shekara ba zuma, a kuma zubar da duk gyadar da ta yi fumfuna, domin tana iya ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta.

Game da gudawa, binciken da aka buga a 2001 daga birnin Daka na Bangaladash ya nuna cewa dafaffiyar ɗanyar ayaba tana taimaka wa yaran da gudawa ta daɗe a jikinsu. Duk da haka ba ta maye gurbin ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki da ake bayarwa a asibiti.

Sai kuma matsalar nunar da ayaba da kabayid, sinadarin da masu walda ke amfani da shi. Idan ya ji danshi yana fitar da iskar da ke kwaikwayon etilin, amma yakan zo da gurɓatattun abubuwa masu guba irin su asenik. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan wannan ɗabi'a. Ayabar da ɓawonta ya yi rawaya fes amma kanta yana nan kore shar, ga shi ba ta da ƙamshi ko zaƙi, abar tuhuma ce. Mafita ita ce a sayi wadda ta ƙosa amma ba ta nuna ba, a nannaɗe ta cikin takarda a gida na 'yan kwanaki. Kada a sa ta a firji, domin sanyin da ya gaza digiri 13 yana hana ta nuna, ya kuma baƙanta ɓawon.

Tsada da noma

Mai karatu na iya cewa magidancin da ke fafutukar awon gero ina ya ga kuɗin ayaba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba a ce ayaba wajibi ce ba. Abin da ke wajibi shi ne a sami kayan itace da ganye a kowace rana, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta da giram 400 ga babba. Da bazara mangwaro ya fi ta araha da bitamin A, haka kuma gwaiba da garin 'ya'yan kuka sun fi ta bitamin C. Fifikon ayaba shi ne ana samun ta kusan duk shekara. A gidaje da yawa kuma kuɗin alawa da biskit da ake ba yara kullum ya isa ayaba da gyada, ballantana wadda ta nuna sosai, da masu tebur ke karyar wa farashi da yamma.

Tsadarta ta sufuri ce da asarar hanya. Ayaba tana son danshi duk shekara, damina kuwa a Dutse ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, ga hunturu mai yayyaga ganye. Amma wannan bai hana a dasa gindi biyu ko uku a inda ruwan rijiya ko na burtsatse ke malala a banza ba, a jikin katangar da za ta kare iska, tare da takin gida. Cikin shekara guda ko ɗan fiye za a yanki nonon farko. Ya dace Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, wato JARDA, su gwada nau'o'in da suka fi jure zafi a fadamu da bakin madatsai irin ta Warwade, su kuma samar wa manoma 'yan tsiro marasa cuta.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna auna ingancin cimar yaro ɗan wata 6 zuwa 23 da ko ya ci daga rukuni biyar cikin takwas na abinci a yini. Nonon uwa da kunun gero mai gyada da ayaba sun riga sun ba da huɗu, cokali biyu na miyar zogale ko ƙwai guda ya cika na biyar. Wannan lissafi ne da kowace uwa a Kiyawa ko Miga ko Gwaram za ta iya riƙewa da yatsun hannu ɗaya. Alhakin koyar da shi yana kan ma'aikatan ɗakunan awon ciki da na rigakafi, da malaman firamare da na Islamiyya. Alhakin sayowa kuwa yana kan maigida, wanda ya kamata ya tuna da ayaba da gyada tun yaronsa yana wasa a tsakar gida, ba sai ranar da za a je duba shi a gadon asibiti ba.