Kunyar Maigida, Asarar Talaka

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, akwai wata cuta da ta kama ofisoshinmu wadda muke yi wa laƙabi da kara, alhali kuwa sunanta na gaskiya ragwanci.

A zamanin da, shugaba yakan rubuta rahoton asiri a kan na ƙasa da shi, a kulle a akwati, mutum ya shekara goma bai san abin da ya hana shi ci gaba ba. A 1974 Kwamitin Udoji ya ba da shawara a buɗe rahoton, ma'aikaci ya karanta abin da aka faɗa a kansa, ya sa hannu. Madalla. To, me aka yi da wannan dama? Sai shugabanni suka koma cika fom da yabo tun daga sama har ƙasa, suka kuwa aka mai da ita gindin bishiya bayan an tashi aiki. Sa'ad da gwamnatin Murtala ta sallami dubban ma'aikata a 1975, mutum nawa aka taɓa zaunarwa aka gaya masa laifinsa?

Mu dubi saurayi malamin gona da aka tura ƙauyukan Kaugama. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, da Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya sake hali. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya ta cinye gonaki a 2020, ta komo a 2022. Littafin makaranta bai koya wa yaron nan wannan fadama ba, tilas ya yi kuskure. In ya rubuta cewa ya zaga gonaki alhali yana zaune a tasha, maigida kuma ya sa hannu yana murmushi don wai ya san mahaifinsa, wa aka ji wa kunya? Manomin da shinkafarsa ta nutse ba ya cikin wannan zumunci.

Ba mu ce a ci zarafin kowa a gaban masinja ba, wannan ma wani ragwancin ne. Mun ce a kira shi shi kaɗai, a ambaci kuskuren da sunansa tun yana ɗanye, a nuna masa gyara, a sa ranar da za a sake dubawa. In kuma yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, wata uku ke nan ba a ba ni man babur ba," to maigida ya haɗiye fushinsa, ya ɗauki alƙalami ya rubuta wannan ma a cikin rahoton.