Sidi Uku a Wata: Da Wa Muke Yi wa Rowa?

Duk ranar da na buɗe layin waya a shirina na safe na kawo maganar kuɗin lasisin talabijin, na san amsar da zan ji tun kafin a gaisa. Wani dattijo daga zangon Kumasi ya taɓa ce mini: "Ɗana, ni ban kallon GTV. Tashar gwamnati ce, gwamnati ta biya abinta." Na girmama furfurarsa, ban ja da shi a iska ba. Amma a nan zan faɗa ba kwana-kwana: wannan magana, da yawancinmu muke yi, ita ce take miƙa wa gwamnati tashar.

Mu tuna daga ina GBC ta fito. A 1935 Turawan mulki suka kafa ta da sunan ZOY a Akra, don a riƙa jiyar da mutane muryar Ingila. A 1965 Kwame Nkrumah ya buɗe sashen talabijin. Bayan nan duk sojan da ya so kujera, gidan yake fara nufa. Daga can aka sanar da kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, daga can Rawlings ya yi wa ƙasa jawabi ranar 31 ga Disamba 1981. Don haka dattijon nan bai yi ƙarya a kan tarihi ba. Inda ya kuskure, ya tsaya a nan ne.

Tsarin mulkin 1992 ya sauya lissafi. Sashe na 163 ya wajabta wa kafafen labarai na hukuma su ba ra'ayoyi mabambanta dama daidai. Naɗa hukumar gudanarwar gidan ya koma hannun Hukumar Kafafen Labarai ta Ƙasa, tare da tuntuɓar shugaban ƙasa. A 1993 jam'iyyar NPP, tana adawa a lokacin, ta kai GBC Kotun Ƙoli saboda an ba masu mulki fili sun kare kasafin kuɗi, ita an hana ta. Kotu ta ba ta gaskiya. Wato a takarda, gidan ya tashi daga na gwamnati ya zama na jama'a.

To me ya hana takarda zama gaskiya? Aljihu. Har yau daga baitulmali ake biyan albashin ma'aikatan gidan, kuma Bahaushe ya riga ya ce wanda ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Editan da ya san inda tuwonsa yake fitowa ba sai an buga masa waya ba, shi da kansa zai san labarin da zai sa a gaba. Kuɗin lasisi shi ne hanyar da za ta rage wannan dogaro. Tun 1991 aka bar shi a abin da ya koma kwabbai talatin bayan sauya kuɗi, sai a 2015 aka mai da shi sidi 36 a shekara ga mai akwati ɗaya. Sidi uku a wata ke nan. Nawa kake zuba wa wayarka a yini guda?

Ban wanke GBC ba. A ƙarshen 2017 aka ware kotuna na musamman don gurfanar da masu ƙin biya, ƙasa ta ɗauki zafi, a Janairun 2018 aka janye. Wannan babban kuskure ne. Ba a neman amanar mutum da sammaci. Gidan da yake son kuɗin talaka sai ya fara buɗe masa littafi: ga abin da aka tara, ga inda ya tafi, ga shirin da aka yi da shi. Sai ya daina cinye rabin labaran dare wajen bin ministoci suna yanka kirtani. Amma in rufin ɗakinka yana yoyo, gyara ake yi, ba a bar wa maƙwabci ɗakin.

Masu cewa tashoshi masu zaman kansu sun wadatar, ina da tambaya. Tun da TV3 ta fara a 1997 tashoshi suka yi ta ɓullowa, na kuwa yi murna, a irinsu nake cin abinci. Sai dai na san yadda ake yanke shawara a ciki: mai talla shi ne sarki. Shi ya sa ake cika dare da wasan Indiya da aka juya zuwa Tuwi, shi ya sa ake sayar wa masu da'awar ninka kuɗi sa'o'i, wasunsu har da rawani da carbi suna kiran kansu malamai, suna zubar mana da mutunci. Ɗan kasuwa ba zai ɓata fili a kan harshen da ba ya kawo talla ba. GBC kuwa tun da daɗewa Hausa tana cikin harsunan gida da take watsa shiri da su, tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagbani. Tsohuwar da ke Nima ko Tamale wadda ba ta jin Turanci, ranar da annoba ta zo ko zaɓe ya matso, wa doka ta ɗora wa nauyin yi mata bayani da harshenta?

Mu 'yan zango mun fi kowa asara idan gidan nan ya durƙushe, domin ba mu da attajirin da zai gina mana tashar da za ta kai ko'ina a Ghana. Don haka mu biya, mu riƙe rasit. Sa'an nan mu je da shi a hannu, sarakunan zango da limamai da matasa, mu nemi ƙarin lokacin Hausa a sa'ar da mutane suke gida, mu nemi a riƙa wallafa lissafi duk shekara. Wanda bai sa kwabo ba, in ya yi ƙorafi za a ce masa ina ruwansa. Wanda ya biya, mai gida ne yake magana.